Turaren da Ya Kusa Hana Mu Ganin Gwanki

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Anka, ni da abokaina biyu. Ni na ja su. Ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma kunya ta ishe ni, kullum ina zana wa ɗalibai gwanki a allo alhali ban taɓa ganinsa ba. Hutun yini ɗaya kawai muka samu.

Hanyar mota ba laifi har kusa da Bukkuyum. Nan muka karya da hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, da fura, furar da ina jin ban taɓa shan mai kaurinta ba. Sauran tafiyar sai babur. Kuɗin ya ɗan fi abin da aka gaya mini, amma da na ga yashin da muka ratsa, sai na daina ƙorafi a raina.

A ƙauyen ƙarshe, bakin dajin da gwamnati ta keɓe wajen Gummi, aka kai mu gun Sarkin Baka, shugaban maharba. Saboda girmama shi na sa farar shadda, na kuma fesa turare sosai. Ban gama gaisuwa ba ya toshe hanci.

"Malam, ɗaurin aure ka zaka ko daji? Wanga ƙamshi, ko barewar Sakkwato ta ji shi ta ruga. In ka bi mu haka, ko kurege ba mu gani."

Abokaina suka zuba mini ido. Na ce, "Baba, ba dabara?"

"Akwai. Tuɓe."

Ya ba ni tsohuwar rigarsa mai warin hayaƙi, ya sa aka shafe ni da laka da wani ɗanyen ganye har bayan kunne. Matan Fulani masu tallan nono suka yi ta dariya.

Dajin kuwa, masha Allah. Manyan kaɗanya da marke, birai na tsalle a kansu, zabin daji na ratsa gabanmu. Tsohon yakan ɗebo ƙasa ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya sauya mana hanya. Bayan azahar ya durƙusa, mu ma muka durƙusa. Can bakin wani tafki ga gwanki uku, ko wataƙila huɗu, ban tabbatar ba. Ƙahonsu ya lanƙwashe baya, tsayinsu kamar na doki. Ban ɗauki hoto ba, don tsoron kada ƙarar waya ta kore su.

Mun iso gida kafin magariba, da laka a wuyana. Abin da na fahimta, idan ban yi kuskure ba, shi ne kowane wuri da irin ladabinsa, kuma ya kamata in riƙa tambaya kafin in shirya. Ranar Litinin na goge zanena na allo. Ashe kunnuwan ma ba haka suke ba.