Ya Falmata da Kwalbar Gishirinta

Ina cikin aji ranar Talata da hantsi aka leƙo aka ce mini Ya Falmata ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita ce malamar aikin gona a makarantar kwana ta 'yan mata inda nake koyarwa, kuma a hannunta mabuɗin siton abinci yake.

Da yawanmu muna ɗauka cewa muddin buhu bai ragu ba, hatsin cikinsa yana nan yadda aka zuba shi. Ita ba ta yarda da haka ba. Takan ce mini, “Malam, hatsi yana numfashi. Ka bar shi cikin laima da zafin kwanon rufi, amfaninsa zai tafi, fumfuna ta shigo. Yarinya ta ci ta ƙoshi, jikinta bai samu komai ba.” Shi ya sa ba ta taɓa barin buhu ya taɓa siminti ko ya jingina da bango ba.

Wata rana aka kawo shinkafa daga Zabarmari, direba yana ta sauri. Ta ɗebi kaɗan ta zuba a busasshiyar kwalba, ta ƙara gishiri, ta girgiza, ta ɗan jira. Gishirin ya manne a jikin kwalbar.

“Shinkafar nan taka ba ta gama shan rana ba,” in ji ta.

“Haba Ya, yanzu kuma gishiri ne alƙali?”

“Shi dai ba ya jin kunyar kowa. Sauke min a fili.”

Yana mita yana dariya ya taya ta shanyawa.

Da ta kwanta rashin lafiya na je duba ta a gidanta na unguwar Limanti, ba ta yi mini zancen ciwo ba. Ta ji an kawo sabon gero makaranta, ga hadari ya fara haɗuwa. Tambayarta ɗaya ce: “An ɗaga shi daga ƙasa?”

Da muka dawo daga jana'iza na wuce sito. Na tarar ɗalibanta sun jera buhunan a kan katako, nesa da bango. Ɗayarsu ta miƙo mini kwalbar, idonta jawur. “Bai manne ba, Malam.”

Mai hatsi a gida, ka gwada naka yau, kafin damina ta kankama.

Allah Ya jiƙan Ya Falmata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba 'ya'yanta da ɗalibanta haƙurin rashinta, Ya raya abin da ta bari. Amin.