Matar Da Ke Duba Faranti Kafin A Wanke

Ƙarfe uku na yamma, idan kicin ɗin gidan kula da tsofaffi ya yi tsit, Inna Mai Cuku takan jawo kwanonta na silba. Cuku mai laushi, madara cokali biyu, 'yar dakakkiyar tafarnuwa da lawashi, sai ta matsa lemon tsami. Cikin minti biyar ta murje shi da bayan cokali ya yi sumul, ta shafa a kan biskit, a hau da shi sama tsofaffi su sha shayi. Shekararta ashirin da shida tana wannan aiki, ranar Juma'ar nan kuma za ta ajiye shi.

Kicin ɗin a ƙarƙashin bene yake, tagarsa ɗaya, ƙafafun masu wucewa kawai ake hangowa. Inna ba ta hawa sama. Ba aikinta ba ne, gwiwa ma ba ta yarda. Maigidanta ya rasu, ɗanta tilo yana nesa, sai waya jefi-jefi. A tsaye take cin abincinta ita kaɗai, tana musu da rediyo. Kaɗaici ya zame mata jiki. Mutanen da take ciyarwa ba ta san fuskarsu ba, sai farantansu da ke dawowa, kowanne da lambar ɗaki.

Bara, wani tsoho da ke ɗaki na tara ya kama ramewa. Aka ce ya yi zuciya da abinci. Aka sauya masa magani har sau biyu, aka fara zancen sa masa robar ba da abinci ta hanci.

Inna ta tare wata nas a bakin ƙofar kicin. "Zo ki gani, 'yata. Biskit ya dawo, cukun babu. Wanda ya ƙi abinci ba ya suɗe abu haka. Bakinsa ne ke ciwo, kunya ta hana shi faɗa."

"Inna, ai ko ganinsa ba ki taɓa yi ba."

"Na ga farantinsa."

Da aka duba, haƙoran roba ne suka ji masa ciwo a dasashi. Daga ranar Inna ta ƙara wa nasa madara, ta murje dafaffen ƙwai a ciki, ta shafa a tsakiyar burodi mai taushi. Wata biyu, tsoho ya murmure, har yana mitar shayi bai ji sukari ba.

Ke ce, Inna, gwanar da ba a taɓa kira sama an tafa wa ba. Ke ce kika kula da bawan Allahn da bai san kina duniya ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki mai kula da ke. Masu ciyar da wasu, a gida ko a wurin aiki, ku yi koyi da ita: ku duba abin da ya dawo kafin ku zubar.

Jiya nas ɗin ta gaya wa tsohon labarin, ta ce Inna za ta tafi. 'Ya'yansa sun shekara uku ba su leƙo shi ba. Ya daɗe yana kallon burodin da ke hannunsa.

"Ashe duk wannan lokacin akwai mai lura da ni," in ji shi. "Miƙo mini sandata, 'yata. Matakala nawa ce zuwa ƙasan?"