Tukwanen Gas Huɗu da Suka Tafi Kucheri

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da makullin sito, akwai wata Laraba a daminar 1998 da ban taɓa mantawa da ita ba. Lokacin ni ne mai kula da sito a wani kamfanin gine-gine da ke da yadi, wato filin ajiye kaya, a Gusau. Kwangilarmu ta ƙare, kamfanin zai koma Kaduna, mai filin kuma yana son a ba shi abinsa a share. Mun kwashe komai, sai tsofaffin tukwanen gas na kicin ɗin ma'aikata da ke jibge a bayan sito, duk sun yi tsatsa.

Na kai su wurin masu ɗura gas, suka ce gindinsu ya cinye, ko kyauta ba sa so. 'Yan gwangwan kuma suka ce ba su taɓa tukunyar da ba a huda ba. Manajanmu, Injiniya Kabiru, ya gaji da zancen.

"Malam Lawali, ni dai kada in zo ranar Juma'a in tarar da su," in ji shi. "Ka san yadda za ka yi."

Ga waɗanda ba su san harkar ba, tukunyar da ta daina kunna murhu ba wai ta ƙare ba ce. Akwai sauran iska a ciki, kuma ita ce mai kisa in ta haɗu da tartsatsi. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a kai ta fili nesa da wuta, a buɗe ta ta huce, a kwance kan, a cika ta da ruwa ta kwana, sannan a huda. Ranar Alhamis na tsara zan yi wannan aiki.

Laraba da safe aka tura ni Bungudu a motar haya in miƙa ragowar siminti da rodi. Da na dawo da hantsi sai na ga tarin ya ragu. Mai gadi ya ce direbanmu, Ɗan'asabe, ya ɗauki huɗu a kan hanyarsa ta Kaduna, zai ajiye wa kawunsa maƙeri a Kucheri ya yanka su ya yi murhun gawayi. Wai ya ce ya rage mini aiki.

A lokacin babu wayar hannu, motar kamfani kuma ita ce ta tafi. Na bar wa mai gadi saƙon manaja, na nufi tasha da sauri.

Shekarar ana fama da wahalar mai, motoci ba su da yawa. Na sami bas ɗin Tsafe, ɗan kamasho yana ta kiran "saura mutum biyu", mutum biyun nan kuwa sun ƙi zuwa. In shiga in zauna, in fito, in zagaya motar, in koma. Ba abin da nake gani sai dattijo ya ɗora kurfi a kan ƙarfe ya ɗaga guduma. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "Ɗana, mi ya hwaru? Ko rasuwa aka yi?"

"Ita nake gudun a yi, Inna," na ce.

Ta dube ni, ta ciro carbinta.

Da muka isa Tsafe ban sauka a natse ba, na haye kabu-kabu zuwa Kucheri. Tun daga nesa nake kasa kunne. Da na jiyo ƙarar guduma daga maƙera, sai na ce wa mai kabu-kabun ya ƙara gudu, don kowane bugu ji nake shi ne zai fasa tukunyar.

Na tarar da Baba Isa, kawun Ɗan'asabe, yana gyaran fartanya. Tukwane uku na jingine da bango, taku kaɗan daga wutar zuga-zugi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na roƙe shi a janye su. Ransa ya ɗan ɓaci.

"Yaro, na girgiza su da hannuna, babu komi ciki. Tun ba a haihe ka ba nike yankan ƙarhe."

"Gaskiya ne, Baba. Ka yi mini alfarma guda, mu kai ɗaya bakin gona."

Muka mirgina ta can ƙarƙashin wata ɗorawa, na murɗa kan. Ta yi tsaki mai tsawo, wari ya turnuƙe mu. Dattijon ya ja da baya yana salati. Sannan ya ce, "To, ta huɗun hwa? Da sahe na ba Mamman mai walda, shina son ya yi tankin iska. Ya tahi da ita Tsahe."

Mai walda ba guduma gare shi ba, injin yanka gare shi, wanda tartsatsinsa ke tashi kamar ruwan sama. Muka kwaso sauran biyun, na bar wa Baba Isa ukun a bakin gona, na roƙe shi kada kowa ya je wurin da taba. Mai kabu-kabun da ya kawo ni ya riga ya tafi. Na tsaya bakin titi ina ɗaga wa kowace mota hannu, har wani mai akori-kura ɗauke da buhunan dawa ya tausaya mini.

Shagon Mamman na bakin hanya ne, tsakanin mai shayi da mai faci, mutane cike. Tukunyar na kwance a ƙofar shagon, an zagaye cikinta da alli inda za a yanka. Shi kuwa yana zaune a kan benci yana mita.

"Tun safe suka ɗauke wuta," ya ce da na gabatar da kaina. "Da tuni na gama da ita."

Ina cikin yi masa bayani, yana cewa ai ya sha yanka irinta, sai injin yankan da ya bari a kunne a ƙasa ya zabura da ƙara, yana tsalle a kan siminti. An kawo wuta. Mamman ya yi wuf ya kashe shi. Muka dubi juna, muka dubi tukunyar. Na ce ya taimaka mu kai ta bayan gari ya ji da hancinsa. Da ya ji, zama ya yi a ƙasa. Ya ce mai shayin nan ƙanensa ne, kuma a ƙofar shagon ya yi niyyar yankawa.

A Tsafe na kwana. Washegari ni da Mamman muka fara da ta Tsafe, muka wuce Kucheri, muka kwance kawunan duka huɗun, muka cika su da ruwa. Na koma Gusau na yi wa sauran haka, Injiniya Kabiru da kansa ya roƙi mai filin ya ƙara mana lokaci. Ɗan'asabe da ya dawo ya ji labari, kwana ya yi bai ci abinci ba.

Abin da nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin sito yanzu, shi ne: kaya masu daraja kowa na sa musu ido, ba su cika ɓata ba. Wanda aka ce ba shi da amfani shi ne ke fita ba tare da an tambaye ka ba, kuma sau da yawa mai son taimakonka ne zai fitar da shi. Kayan da ka karɓa amanarka ne har sai ka ga inda ya ƙare. Ni na yi gudu iyakar ƙarfina ranar nan, amma ba guduna ya tsare mutanen Tsafe ba. Allah ne ya tsare.