Hayaƙin Gidan Tabawa

A Rigasa na taso. In an ci tuwo, kakarmu Iya ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Ni ce sarkin surutu a jikoki, ranar nan na ce mata zamanin da ya fi daɗi, tunda babu makaranta.

"Ke da ko wuta ba ki iya hurawa ba?" in ji ta. "Da yunwa ta gama da ke."

Ta ce a zamanin kakar kakarta babu ashana. Wadda wutarta ta mutu sai ta ɗauki tsingaro ta je maƙwabta ɗibar garwashi. Wata Tabawa ta yi faɗa da maƙwabciyarta Kande don akuyar Kande ta cinye mata wake, har ta rantse ba ta ƙara taka gidan. Ana tsakiyar damina jinka ya yi yoyo, murhun Tabawa ya mutu, ga 'yarta kwance tana rawar sanyi. Saboda rantsuwa ta wuce ƙofar Kande ta nufi ƙauyen gaba. A hanyar dawowa yayyafi ya kashe garwashin. Ta shigo tana kuka, sai ta tarar da Kande durƙushe tana hura mata wuta.

A nan Iya takan ɗaure fuska ta yi muryar Kande: "Ban ga hayaƙinki ba tun safe. Don yarinya na zo, ba don ke ba."

"Sai suka shirya?" muka tambaya.

"Ina! Maganar waken nan har tsufa. Tarin da yarinyar ta kwasa ma bai bar ta ba. Wahala ce zalla, kada wani ya ruɗe ku. Amma ba a hana wuta, kuma ana duba hayaƙin juna."

Yanzu a Doka nake, a bene, ni kaɗai tun da yara suka watse. Ina murɗa gas wuta ta kama, kuma wallahi ba na kewar tsingaro. Sai dai girkina ba ya hayaƙi, abin kuwa yana ba ni tsoro. In na kwanta ban tashi ba, wa zai lura? Shi ya sa kullum da safe nake ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata, wata dattijuwa marar fara'a, in ce ta ara mini ashana. Ta san ina da ita. Ranar da zazzaɓi ya hana ni fitowa, da hantsi sai ga ta a ƙofata da kwalin ashana a hannu.

"Yau ban ji ki ba," ta ce, fuska a ɗaure.