Da Haƙori Ne Ko Da Leɓe?

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe baki. Ga labarin Malama Sake.

Ba shi iyayenta suka sa mata ba, yara ne suka laƙaba mata, don ba ta da magana a aji da ta wuce "Sake!" Yaro ya karanta ba daidai ba, sake. Ya karanta daidai, sake, wai don ta tabbatar ba sa'a ya ci ba. A gida kuwa Auta ce, ita ce ta bakwai a ɗakin uwarta, kuma ita kaɗai Allah ya ba nisa a karatun boko.

Tana aji biyar ubanta ya rasu, Allah ya jiƙansa. Inna, wato uwarta, da keken ɗinki ta riƙe su. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ba ta taɓa barin Auta ta yi fashin makaranta ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ita kuwa yarinya Allah ya ɗora mata son karanta komai. Kwalin sabulu, jikin mota, takardar da aka ƙunso allura a ciki, duk sai ta tsaya ta haɗa baƙi. In aka aike ta sayen madara sai an bi sawunta.

"Auta," Inna takan ce, "gwangwanin nan madara ce a cikinsa, ba wasiƙa aka aiko miki ba. Kawo, shayi na hucewa."

Haka ta yi ta ja har kwalejin horon malamai, ta fito da Turanci. A nahawu da rubutu babu wanda ya sha gabanta. Aka ba ta aiki a firamaren da ke bayan tashar mota, aji uku, yara hamsin da takwas a kan benci goma sha huɗu, taga ɗaya babu murfi, allo kuwa ya sha alli har tsakiyarsa ta yi fari.

To, nan fa ta nuna ita ce. Sai ta ja layi uku da alli a ƙasa, ta ce wannan jiya, wannan yau, wannan gobe. Yaro ya tsaya a kan yau ya ce da Turanci yana tafiya kasuwa, ta ce ya yi tsalle zuwa jiya, dole kalmar ta sauya a bakinsa kafin ƙafarsa ta sauka. In ana karatu aka zo wurin aya, duk aji ya buga ƙafa sau ɗaya, har malamin aji huɗu ya kai ƙara wai ƙura na zubo masa daga silin. Yaran da suka zo ba su san gaban littafi da bayansa ba, kafin shekara ta fita sun fara karanta wa iyayensu takardar asibiti. Auta ta san ta iya, kuma ba ta ɓoye sanin.

A shekararta ta biyu ne abin ya faru. Wata Litinin ta yi wa yara shifta, wato ita ta faɗa su rubuta. A ciki akwai zancen cin abinci da cokali mai yatsu. Shi cokalin nan a Turanci wai "fok" ake ce masa. Akwai kuma wata kalma, "pok", ita kuwa, a'uzu billahi, naman alade ce. Harafi ɗaya ne ya raba su. Na cokalin kamar sanda ne da ya miƙa hannu biyu gefe guda, ɗayan kuwa sanda ne da kumburarren kai. Mu a bakinmu haruffan nan biyu ɗaki ɗaya suke kwana, wanda ya riga tashi shi ke fita.

Washegari da safe aka ce Hedimasta na kiranta. Tana shiga ofis ta tarar da Mai Kemis, uban wata yarinya a ajinta, mutumin da ya daɗe yana aiki da likitoci 'yan ƙasar waje kafin ya buɗe shagonsa. Littafin 'yarsa na buɗe a kan tebur.

"Malama," ya ce, "ke ce kike koya wa 'yata ta rubuta cewa a gidana da naman alade muke cin abinci?"

"Subhanallahi! Alhaji, ai ga jan biro nan, na kashe mata. Kuskurenta ne."

"Ita kaɗai ta yi kuskuren?" in ji Mai Kemis.

Hedimasta ya sa aka kwaso littattafan ajin gaba ɗaya. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Yara hamsin da ɗaya, duk alade suka rubuta.

"To Malama, faɗi kalmar mu ji," in ji Mai Kemis.

Ta gyara tsayuwa ta faɗa. Sai mutumin nan ya kwashe da dariya har da riƙe hula.

"Ashe yarinya ba ta da laifi. Abin da kunnenta ya ji shi hannunta ya rubuta. Malama, aladen daga bakinki ya fito."

Hedimasta bai yi dariya ba. Shekara talatin yana aiki, ba ya son iyaye su zo su yi masa dariya a ofis. Bayan baƙon ya fita ya ce, "Sati uku na ba ki. Alhamis ɗin ƙarshe ni da kaina zan shigo in yi musu shifta. In rabinsu suka sake cakuɗa haruffan nan, akwai mai jiran ajin. Ke kuma ki koma rabin aji, ki riƙa share majina da raba faɗa."

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta cikin masu saurin hawaye. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ita kanta kunnenta bai ji bambancin ba. A takarda ba ta taɓa haɗa su ba ko sau ɗaya, amma da baki duk ɗaya suke fito mata. Kwana huɗu tana manna rediyo a kunne tana sauraron masu labaran Turanci, tana tsayawa gaban madubi tana murguɗa baki. Banza. Ga ajin nan kuwa, da a raba ta da shi gara a ce ta zauna gida.

Ranar Asabar bayan la'asar suna zaune a kan tabarma ita da Inna, kowa da carbinta. Ita Inna da girmanta ta shiga makarantar matan unguwa, ba ta karanta baƙi amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Auta na ta jan istigfari da ɗan ƙarfi, zuciya cike. Sai Inna ta dakata.

"Ke Auta, me kike nema wajen Ubangiji?"

"Gafara, Inna."

"To ki nema da haƙori mana. Wannan ai hura wuta kike."

"Kamar yaya?"

"Astagfirullah. Kalli bakina. Haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta bi ta tsakani. Wata biyu malamarmu ta tsare ni a kan harafin nan, tana cewa, Hajiya, leɓe biyu ba su da aiki a nan. Ke da aka kashe wa shekaru a kwaleji ba a gaya miki ba?"

Haƙora huɗu suka rage wa Inna a sama, Allah ya sa na gaba ne. Auta ta zuba musu ido. Ta ɗora nata haƙoran a kan leɓe, ta saki iska a hankali, ta ce, "Fok."

"Me kika ce a tsakiyar istigfari?"

"Cokali na ce, Inna."

"Cokali kuma? In yunwa kike ji ki tashi, ga tukunya can."

Auta ta ajiye carbi ta zayyana mata komai, tun daga ofishin Hedimasta. Inna ta yi salati da ta ji zancen alade, sannan ta ce, "To faɗi ɗayan, amma kada ki ambaci dabbar a kan tabarmar salla. Nemo wata kalmar."

Ta nemo ta kasko, "pan". Ta faɗa sau uku, Inna na kallon bakinta kamar mai duba ɗinkin da ya karkace.

"Wannan babu shi a karatunmu. Amma na gane shi. In na ciji zare ya maƙale min a leɓe, yaya nake yi? Rufe leɓe ruf, ki sake shi gaba ɗaya."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin keke ta ɗauko siririn ƙyalle, ta rataya shi a gaban bakin Auta. In ta faɗi na haƙori, ƙyallen ya ɗan karkata ya tsaya. In ta faɗi na leɓe, ya yi tsalle. Suka yi ta yi har aka kira magariba, Inna na cewa bai yi ba, ita da ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Litinin Auta ta shiga aji da buhun ƙyallaye a kai. Ta tsaya a gaban allo ta ce, "Kuskuren ranar nan ba naku ba ne, nawa ne. Yau ni da ku duk 'yan koyo ne." Kowane yaro ta ba shi ƙyalle ɗaya. Ta raɗa wa haruffan suna, wannan na haƙori, wannan na leɓe. Ta kafa doka, duk wanda bai ji da kyau ba kada ya yi caca da fensirinsa, ya ɗaga hannu ya tambaya.

Wata mai giɓi ta ɗaga hannu daga baya. "Malama, ni haƙorin bai fito ba."

"Sa dasashi kafin Allah ya kawo."

Su takwas ne masu giɓi, ta tara su a benci na gaba, yawu na feshi, sauran na dariya. Ta jero musu kalmomi biyu biyu, "fan" da "pan", wato fanka da kasko, "ful" da "pul", wato cika da ja, su faɗa, su rubuta, su sa a jimla. Sannan ta juya musu baya ta faɗa, don kada ido ya yi wa kunne aiki. Wani lokacin in ta yi sauri bakinta ya koma gidan jiya, sai ka ji aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Sake!" Ta sake, ba ta ji haushi ba. Masu sayar da kaya a bakin tasha har leƙowa suke ta taga, su ga yara hamsin da takwas na hura tsumma, su tafi suna cewa boko ya zo da sabon salo.

Alhamis ɗin ƙarshe ta zo. Hedimasta ya shigo da littafinsa a hammata, ya ce Malama ta koma bayan aji ta tsaya, kuma kada ya ji ko tarinta. Ta koma ta jingina da bango. Gabanta bai faɗi ba, ta san abin da ta shuka a kunnuwan nan.

Ya gyara murya ya karanta jimla ta farko, wai manomi na da awaki hamsin. Da ya zo kan hamsin ɗin, maimakon "fifti", sai wani abu ya fito tsakanin "fifti" da "pipti". Fensira suka tsaya cak. Can sai 'yar Mai Kemis ta ɗaga hannu.

"Malam, da haƙori ne ko da leɓe?"

"Me?"

"Bakinka a tsakiya ya tsaya, Malam."

Kafin ya ce wani abu hannuwa sun tashi ko'ina. Ya waiga wajen Auta. Ita kuwa ta ɗora yatsa a kan bakinta, alamar ai an hana ta magana. Ya dubi littafi, ya dubi yara, idanu sun fi ɗari duk a kan leɓensa. Ya ce da mai giɓin nan ta gaba ta nuna masa abin da suke nufi. Ta tashi ta nuna masa da dasashi. Bawan Allah ya ɗora haƙora a kan leɓe, gashin baki na rawa, ya sake faɗa.

"Na haƙori ne!" in ji yara, kawuna suka duƙa.

Shiftar da ya saba gamawa a minti goma sai da ta ci masa rabin awa. Kowace kalma sai ya leƙa littafi ya shirya bakinsa kafin ya sake ta, gumi na bin wuyan rigarsa. Da ya gama ya kwashi littattafan da kansa ya nufi ofis.

Ana tashi ya aiko a kira ta. Ta tarar da littattafan kashi biyu a kan tebur, ɗaya tuli, ɗaya ɗan kaɗan.

"Arba'in da bakwai ba su haɗa ko ɗaya ba," ya ce, yana kallon tebur. "Goma sha ɗayan nan ki ƙara matsa musu."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe. Ajin fa?"

"Wa ya ce za a taɓa miki aji?" Ya leƙa ƙofa ya ga babu kowa. "Ranar Laraba bayan an tashi, ki tara min malamai a ajin naki. Ki yi musu abin da kika yi wa yaran. Ni ma zan shigo, in duba yadda abin ke tafiya."

"Benci na gaba zan ajiye maka, ranka ya daɗe. Daga baya ba a ganin baki."

Yau shekara goma sha shida ke nan, aji ukun nan yana hannunta. Ta yi aure, ta haifi huɗu, an gyara tagar, an sauya allon. Sau biyu ana yi mata tayin kujerar ofis tana cewa a ba mai ciwon ƙafa, ita tata lafiya lau. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa abin da take koyarwa ya amfani 'ya'yan mutane. Nan na tsaya, alhamdu lillahi.