Zaren Takabar Inna Uwale

Wata rana, ranar Asabar, ina zaune a ɗan ofishin ƙungiyarmu ta 'yan gida a nan ƙasar Turai da nake zaune, inda nake taya mutane cike fom kyauta.

Kun dai san ni da iyayi. Shekara tara ina wannan aikin, har na fara jin babu fom ɗin da zai gagare ni.

Sai ga wata dattijuwa ta yi sallama, da jakarta a hammata.

Ta ce sunanta Uwale, mutuniyar Malumfashi. 'Yarta ce ta turo ta, ita tana wajen aiki.

Takardar zama 'yar ƙasa take nema. 'Yar tata ta samu, jikokinta uku duk a nan aka haife su. Ita kaɗai ta rage tana sabunta izinin zama, kuma kullum gabanta na faɗuwa, kada wata rana a ƙi sabuntawa a raba ta da yaran.

Na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, kin zo gidan sauƙi."

Muka fara cikewa, komai lafiya lau, har muka iso shafin tafiye-tafiye.

A wannan shafin ana so ka rubuta duk fitar da ka yi daga ƙasar a 'yan shekarun nan, ranar fita da ranar dawowa. Idan kwanakin suka yi yawa, ana iya ƙin ba ka takardar.

Inna ta miƙo mini jerin da ta karɓo daga ofishin shige da fice. Tafiya biyu ce a ciki, Umara ɗaya, bikin ɗan ƙanwarta ɗaya. Na lissafa, ko kusa da iyaka ba su kai ba.

Na ce mata shi ke nan, mun tsallake.

Ta leƙo takardar, ko da yake ba ta karanta boko. Ta ce akwai wata tafiyar, shekara uku da suka wuce, wadda ta fi duka tsawo.

Na sake dubawa, babu ita. Kwamfutarsu ba ta kama fitar ba. Tsohon fasfon da ke da hatimin kuwa ya ɓace tun lokacin da suka tashi daga tsohon gida.

Na tambaye ta wata nawa ta yi. Ta ce ya haura biyar.

Na sake lissafi. Idan aka saka wannan tafiyar, ta zarce iyaka, zarcewa ba kaɗan ba.

To, a nan ne wayon banza ya motsa mini. Na ja kujera kusa da ita, na yi ƙasa da murya.

"Inna, su da kansu ba su rubuta ba. Mu ma mu yi shiru, wa zai sani?"

Ta dube ni, ba da faɗa ba.

"'Yar nan, takabar Malam ce fa. In ce ban yi ba?"

Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe mai gidanta ne ciwo ya ci ƙarfinsa, ya ce a mai da shi gida, yana so a binne shi kusa da mahaifiyarsa. Ta raka shi bayan Babbar Sallah da kwana uku. Ranar tara ga Muharram Allah ya karɓi abinsa.

Ta zauna a ɗakinsa wata huɗu da kwana goma, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba.

Ta buɗe jakarta, ta warware wani ɗan ƙyalle, ta fito da farin zare duk ƙulli. Ta ce kowace safiya bayan sallar asuba sai ta yi ƙulli ɗaya, don kada lissafi ya ɓace mata. Tun daga lokacin zaren bai bar jakarta ba.

Na karɓa da hannu biyu, na ƙirga. Ɗari da talatin cif.

Na gaya mata gaskiya, na ce wannan zai iya jawo a ƙi ba ta, ko a ce ta jira wasu shekaru.

Ta ce ta ji. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, kuma waɗannan kwanakin su ne hidimar ƙarshe da ta yi masa. Ba za ta goge su da hannunta don takarda ba.

Muka duƙufa. Na buɗe kalanda a waya, muka mai da ranakun Musulunci zuwa na Bature ɗaya bayan ɗaya. Muka rubuta wasiƙar bayani: abin da ya fitar da ita, mene ne takaba, da dalilin da ya sa ba ta da hatimi. Muka ce ranakun iya abin da ta tuna ne.

Da na nemi cikakken sunan marigayin, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ko a nan Inna ba ta iya kama sunan mijinta ba. Takardar shaidar rasuwarsa ta turo mini, ta ɗora yatsa a kan sunan.

Muka aika.

Wata takwas babu amsa. A tsakani suka nemi ƙarin shaida, 'yarta ta tono tsohon tikitin jirgi a wayarta, muka tura. Izinin zaman Inna kuwa yana ta matsowa ƙarshe. Ni ce na koma mai zullumi, ita ce mai ba ni haƙuri. Duk sa'ad da na kira ta sai ta ce, "Wadda ta yi takaba ai ta iya jira."

Ranar wata Asabar ta sake yin sallama, da ambulan a hannu, ba ta ko buɗe ba.

Na karɓa na buɗe. An ba ta. Sun ce sun duba bayaninta, sun karɓi uzurinta.

Na fara murna, ta ce in karanta mata duka, kar in tsallake komai. A ƙasa akwai layi ɗaya da jami'in ya ƙara, yana yi mata ta'aziyyar rashin mijinta.

Ta ce in maimaita wannan layin. Na maimaita.

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu har a littafinsu an san na yi wa Malam takaba."

Ni da na fara taya ta murna, sai kuka ya ƙwace mini, ita ta koma tana lallashina.

Darasi: Abin da kwamfuta ta manta, kai ba ka manta ba, Allah ma bai manta ba. Idan takardunka sun ɓace, rubuta iya gaskiyar da ka sani, ka yi bayani, ka nemo shaidar da za ka iya. Ba kullum ake dacewa kamar Inna ba, amma ita ta yarda ta faɗi gaskiya tun kafin ta san amsar da za ta zo.

Idan kana da wani a ƙasar waje da ke shirin cike irin wannan fom ɗin, tura masa labarin Inna Uwale. Ku kuma sa Malam a addu'a, Allah ya jiƙansa.