Gajeriyar Kusa da Begilata

Shekara ashirin da biyu na yi ina busa begila a soja. Da na dawo Zuru ba abin da ya rage min sai ita. In tsohon soja ya mutu, ni ake kira in busa a bakin kabari. Sai mashin ya kayar da ni a hanyar Danko, turamen haƙorina biyu na sama suka zube. Kumatu ya lotsa, busa ta lalace.

’Yata mai aikin jinya a Kaduna ta kai ni wurin likitan haƙori. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garinmu ba. Ya ɗaga hoton ƙashina ya nuna min. Wai ƙashin sama ya yi siriri, a bisansa kuma akwai kogo da ya haɗu da hanci, doguwar kusar dashen haƙori za ta huda shi. Ko a yi tiyata a ɗaga ƙasan kogon a cusa ƙashi, ko a dasa gajeriyar kusa a ɗora haƙori.

Na ce, “Likita, in tiyatar ta ɓaci fa?”

“Iska na iya kurɗawa ta hanci, Baba.”

“Ni da iska nake aiki. Gajeriyar fa?”

“Tana iya kamawa, tana iya ƙi. Amma wata huɗu ba busa.”

’Yata ta ce, “Baba, ka ji dai? Wata huɗu, ba kwana huɗu ba.”

Na zaɓi gajeriya. A aji huɗu na bar makaranta, amma ba mai taɓa min hanyar iska.

Na dawo gida, harshena kullum yana kan wurin. In na yi atishawa sai gabana ya faɗi.

Wata na uku, abokina da muka shiga soja rana ɗaya ya rasu a Sakaba. Matarsa ta aiko cewa ni ya ambata in yi masa busa. Yaya zan yi? Na tafi. Na ɗora begila a baki, na busa da rabin numfashi. A bayana wani ya ce, “Tsoho ya ƙare.” Uwar wa ya taɓa binnewa?

A gaban faston da ke jana’izar na cusa yatsa a baki na danna kusar. Ba ta motsa ba. Na sake dannawa.

Ban taɓa gaya wa ’yata ba. An ɗora haƙorin, yana nan daram. Amma har yau da rabin numfashi nake busa.